Yadda Za Ka Kai Tokar Babanka Kallon Ƙwallo

Ka kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. Sunana Duane Hostetler, haifaffen garin Ledbetter a jihar Iowa, kuma tun ban iya ɗaura igiyar takalmi ba nake bin Alfadarai, ƙungiyar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ta kwalejin garinmu. A fagen shan kashi babu na biyunmu a duk yankin. In ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka iya zama a kan benci mai sanyi kowace Asabar ta kaka, ana lallasa 'yan wasanku kana tafi, babanka yana gefenka a cikin gwangwani. Ban taɓa ganin wanda ya bi tsarin nan ya yi nadama ba. Gaskiya dai ni kaɗai na taɓa bin sa.

Mataki na 1: Ka samo uba mai taurin kai

Wannan ba a kanti ake sayensa ba, sai dai ka tashi ka gan shi a gidanku. Nawa sunansa Orville, manomin masara, wanda a rayuwarsa abu biyu ya tsana: ƙwarin gona da Jami'ar Stanwick. Stanwick makarantar masu kuɗi ce a ƙetaren kogi. Suna kiran 'yan wasansu Zakuna, wuyan kowannensu ya kai kaurin cinyata, kuma duk shekara sai mun haɗu da su sun yi mana lilis.

Ranar da Baba zai cika, muna kewaye da gadonsa, fasto ya matso da kunne yana jiran kalma mai ratsa zuciya. Baba ya buɗe ido ya ce, "A ƙona ni. Tokar kuma a zuba ta a tsakiyar fili ranar da muka ci Stanwick."

Mamata, Darlene, ta ce, "Haba Orville! Rabon da mu ci Stanwick fa tun Duane yana fitsarin kwance."

"To ai an kusa ke nan," in ji Baba. Daga nan ya cika.

A nan Mama ta ɗora hannu a ƙirjinsa ta rantse cewa da hannunta za ta zuba shi, ba da hannun kowa ba. Ka riƙe wannan rantsuwa, za ka buƙace ta a gaba.

Mataki na 2: Ka zaɓi gwangwani, ka rabu da tulu

Masu ƙona gawa za su nuna maka tulu mai sheƙi da zanen mala'iku. Kada ka yarda. Tulu yana fashewa, ga nauyi, ga shi masu gadin ƙofa ba sa ƙaunarsa. Gwangwanin kofi ka nema, mai murfin roba da yake kamawa gam. Mama ta saƙa wa namu hula mai launin ƙungiya, ruwan ƙasa da ruwan ɗorawa, har da tuntu.

In mai gadi ya tsare ku, ka bar uwarka ta yi magana.

"Uwar gida, me ke cikin gwangwanin nan?"

"Mijina."

"A shiga lafiya."

Sannan ka saya masa tikitinsa. Mutuwa ba ta zama dalilin shiga kallo kyauta ba, kuma Baba ba zai so a ce ya cuci kwaleji ba. Kujerunmu uku suna can layin ƙarshe na sama, inda Baba ya zaɓa tun yana saurayi, wai daga nan ne ake ganin abin kunyar gaba ɗayansa. Mama a hagu, ni a dama, gwangwani a tsakiya. Haka muka yi ta zama shekara da shekaru.

Mataki na 3: Ka ƙoshi tun kafin a busa usur

Da hantsi ka isa filin ajiye motoci. A can ƙanen Mama, Kawu Merle, yake sauke ƙyauren a-kori-kurarsa, ya hura gawayi, ya jera nama da masara, ga tukunyar wake da yaji tana tafarfasa. Ka ci har sai ka kwance bel. Masu ilimi sun ce baƙin ciki ba ya samun wurin zama a cikin da ya cika. Ban san su waye masu ilimin ba, amma na gwada.

Kawu Merle zai ɗaga cokali ya ce, "Yaya, bana fa tamu ce. A jikina nake ji."

Mama za ta ce, "Bara ma a jikinka ka ji, ashe ciwon baya ne. Juya naman nan, yana ƙonewa."

"Yaya, a daina maganar ƙonewa a gaban Orville."

Ka yi dariya, domin wataƙila ita ce ta ƙarshe a ranar. Kuma ka sa ido a kan gwangwani, kada ka ajiye shi kusa da butar shayin Kawu Merle, idonsa ba ya gani sosai.

Mataki na 4: Ka koyi tono nasara a inda babu ita

An zuba muku hamsin da nema? Ba komai. 'Yan badujalarmu sun fi nasu iya busa. Alƙalin wasa makaho ne, kuma surukinsa ɗan can ne. Iska ce ta juya. Yaranmu karatu suka zo yi, nasu kuwa ko sunansu ba sa iya rubutawa. Ka haddace waɗannan, ka riƙa juya su kada su gundure ka.

Idan mai jefa ƙwallonmu ya ɗaga hannu ya miƙa ta kai tsaye ga ɗan wasan abokan gaba, abin da yakan yi cikin ladabi kusan kowane mako, ka yi abin da Mama take yi. Takan ja hular gwangwani ƙasa ta ce, "Kada ka kalla, Orville." In kuwa muka kai ƙwallo ƙarshen fili, sai ta ɗaga shi sama ta girgiza. Hira take yi da shi daga farkon wasa har ƙarshe, tana ba shi labarin farashin masara da wanda ya rasu da wanda ya sake aure. Ni da nake da kunne da baki, sai a tashi wasa ba ta ce mini komai ba ban da "miƙo bargo".

Babban haɗari shi ne sa rai. Bana muka ci wasa uku a jere, har da wata kwalejin horar da fastoci da muka yi wa dukan da ya sa na ji kunyar zuwa coci. Garin ya rikice, mai aski ya fara maganar kofi. Kai dai ka kama kanka. Sa rai cuta ce, kuma ranar Asabar take tashi.

Mataki na 5: Kada ka kai uwarka wurin likita a tsakiyar kaka

Ni na yi wannan gangancin. Likita ya duba gwiwoyinta ya girgiza kai, ya ce daga bana ta gama hawa matakalar filin wasa.

Mama ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, a ina ka yi karatu?"

"Stanwick."

"Na ga alama."

Ta ɗauki jakarta muka fito. Amma likitan bai yi ƙarya ba. Na ga yadda take tsayawa a kowane kwana na matakala, ta rungume gwangwani, ta yi kamar tana kallon 'yan badujala, alhali numfashi take nema. Tsoro ya kama ni sosai. In ba mu ci Stanwick bana ba, Mama ba za ta cika rantsuwarta ba, Baba kuma zai ƙare a kan firji.

Mataki na 6: Ranar Stanwick, kada ka yarda da idonka

Rana tsaka aka fara, sanyi yana yanka kunne. Ka zo da shirin shan kashi kamar kullum, shi ne mutuncinka. Mu ma haka muka zo. Sai ga shi an kusa tashi Zakuna suna gabanmu da maki biyu kacal, ƙwallo kuma tana hannunmu. Koci ya waiga benci ya kira mai bugunmu, wani siririn ɗalibin likitancin dabbobi mai suna Purvis, wanda tun farkon kaka yake aika ƙwallo filin ajiye motoci. In ya zura ta tsakanin turakun gola, maki uku ne, mun ci.

Kawu Merle ya durƙusa a kan siminti. "Ya Ubangiji, ka san ban cika damunka ba."

Na leƙa ta kan kujerar Baba don in ga Mama. Ba ta ihu, ba ta addu'a. Ta ɗauke Baba daga kujerarsa ta ƙanƙame shi a ƙirji, fuskarta kamar wadda aka zo yi wa kwace.

Purvis ya buga. Ƙwallo ta tashi a karkace, ta daki turke, ta yi jim kamar tana shawara, sannan ta faɗa ciki.

Abin da ya biyo baya ba na iya ba da labarinsa daidai. Na san dai Kawu Merle ya sumbaci wani ɗan sanda. Ɗalibai suka ɓarke cikin fili, suka haye turakun gola suka karya su, suka saɓa a kafaɗa suka nufi kogi da su don su jefa, kamar yadda aka saba in an yi babbar nasara. Saboda daɗewar rabon da a yi hakan a Ledbetter, sai da wani tsoho ya nuna musu hanyar kogin.

Mataki na 7: Ka sauko da ita a hankali

Kada ka gaggauta ta. Ka riƙe mata gwiwar hannu, taki ɗaya bayan ɗaya, har tsakiyar fili inda aka zana kan alfadari. Na cire hular gwangwani, na ɓalle murfi, na ja da baya. Mama ta tsaya tana kallon ƙasa.

"Ciyawar roba ce," in ji ta. "Ubanka manomi ne. Ba zan zuba shi a kan tabarma ba."

"Mama, tun yana da rai aka shimfiɗa ta. Kullum sai ya zage ta. Ya san da ita ya ce a zuba shi."

"Akwai iska."

"Mama."

Ta ƙara ƙanƙame gwangwanin ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Duane, in na zuba shi, da wa zan zauna ranar Asabar?"

A nan babu wata dabara da zan koya maka. Duk shekarun nan ina zaton nasara muke jira tare, ashe ita kowane kashi da muka sha ƙarin wa'adi ne aka ba ta. Na ce, "Da ni."

Ta ɗago ta ƙare mini kallo. "Kai surutu gare ka."

"Zan rage."

Ta jinjina kai. Ta kifa gwangwani da hannunta, ta ce, "To sauka, Orville, kun ci." Rabinsa ya kwanta a kan alfadari. Sauran iska ta kwasa ta watsa wa 'yan Stanwick da suke fita da kai a sunkuye, kuma na tabbata wannan rabin ya fi jin daɗi.

Mataki na 8: Kada ka yar da gwangwanin

Asabar da ta biyo baya muka buga wasan rufe kaka, aka zuba mana arba'in da biyu muna da uku, hankalin kowa ya dawo jikinsa. Goya Mama na yi har layin sama, tana dukan kafaɗata tana cewa in bi a hankali, ita ba buhun taki ba ce. Na zauna a kujerar tsakiya. Ta ba ni labarin farashin masara da wanda ya sake aure, ban katse ta ba ko sau ɗaya.

Da aka tashi ta buɗe jakarta ta fito da gwangwanin, an wanke shi tas, ga hularsa. Ta ɗora mini a cinya.

"Ka adana. Ni ban kai ubanka jiki ba, zai ishe ni. Ranar da muka sake cin Stanwick, a wuri ɗaya."

"Mama, wannan fa sai ya ɗauki shekara talatin."

"Kana da wani wurin zuwa ne ranar Asabar?"

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ciwon zuciya, ciwon baya, sanyin ƙashi, ko duk wata rigima da hukumar filin wasa game da abin da injin shararsu ya zuƙe ranar Litinin. In ka bi matakan nan ƙungiyarku ta ci gaba da shan kashi, dama haka na yi maka alkawari. In kuwa tsautsayi ya sa kuka yi nasara, ruwanka, ni ban aike ka ba. Mai ƙorafi ya same ni a layin sama, kujerar tsakiya. Zai gane ni da gwangwani a cinya, ina roƙon Allah ya daɗe babu kowa a ciki.