Yadda Za Ka Hana Mai Saye Buɗe Kwali Har Kwana Bakwai

Wannan hanya tabbatacciya ce. An gwada ta a kan mutum ɗaya, kuma har yau shagonsa a buɗe yake. Idan kana sayar da kaya a kasuwar intanet, ka kuma aika wa wani abin da ba shi ya gani a hoto ba, to ka daina zagaye ɗaki, ka zauna. Bi matakan nan a jere. Kuɗinka za su fito, ba za a rufe maka shago ba, kuma ba sai ka ba kowa haƙuri ba.

1. Ka san abin da ka amince da shi ba ka karanta ba

Ranar da ka buɗe shago a manhaja an nuno maka wani rubutu mai tsawon layin asibiti. Ka ja shi sama da babban yatsa, ka danna "Na amince". Kowa haka ya yi, kada ka ji kunya. Ga abin da ke ciki.

Mai saye ya biya, amma kuɗin ba hannunka suke zuwa ba, kamfani ne ke riƙe su. Da zarar kaya sun isa, sai a ba shi kwana bakwai da maɓalli biyu. Kore yana cewa kaya sun zo lafiya. Ja yana cewa akwai ƙorafi. Ya danna kore, a sakar maka kuɗi nan take. Ya danna ja, a mayar masa da kuɗinsa, kai kuma a ɗiga maka baƙin ɗigo. Ɗigo uku, an rufe shago. Idan kuwa bai danna komai ba har kwana bakwai suka cika, kamfani zai ɗauki shirunsa a matsayin yarda, ya saki kuɗin, ƙofar ƙorafi ta rufe.

Ka ga ke nan ba gaskiya ake nema a wurinka ba. Shirun mako guda ake nema a wurinsa.

2. Kada ka faɗi laifinka

Wanda aka gwada hanyar a kansa Siriri ake ce masa, takalma yake sayarwa. Shagonsa waya ce mai tsagaggen gilashi. Sitonsa kuwa bayan ƙofar ɗakin yayarsa, kwalaye goma sha huɗu a jere har suna tokare labule. A lokacin ɗigo biyu gare shi: ɗaya na jinkirin aikawa, ɗaya na takalmin da ya fito baƙi a hoto ya isa ruwan ƙasa. Mijin yayar yana da shagon siminti, kuma ya daɗe da gaya masa cewa ranar da wasan waya ya ƙare, akwai buhu yana jiran kafaɗarsa. Siriri ya san kafaɗarsa. Ba ta siminti ba ce.

Ran Litinin aka yi odar takalmi sau-ciki baƙi, lamba arba'in da uku. Ya naɗe, ya liƙe, ya ba mai babur, manhaja ta nuna an kai ƙarfe biyar na yamma. Yana gyara sauran kwalaye ya buɗe ɗaya, sai ga ƙafar dama biyu kwance suna kallon gefe guda kamar masu gaba da shi. Ya daɗe a tsugune. Yayar ta leƙo, ta duba, ta yi lissafin da bai so a yi da ƙarfi ba: in dama biyu suna nan, to hagu biyu sun tafi. Ta ce sai dai ya yi fatan haka aka halicci mai sayen.

A nan ne marar ilimi zai ɗauki waya ya ce an yi kuskure, ga warin da ya dace yana zuwa. Kada ka yi. Wanda ka faɗa wa laifinka, kama yatsansa ka yi ka ɗora masa a kan ja. Masana sun ce laifin da ke cikin kwali ba laifi ba ne, kaya ne.

3. Ka je da ƙafarka, ka ce sabon tsari ne

Talata da safe Siriri ya bi adireshin. Hawa na biyu, ƙofa ta ƙarshe a dogon baranda. Wani dattijo ya buɗe, tabarau rataye a wuya da zare, aljihun gaba ya kumbura da waya. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shekara talatin da huɗu yana tantance saƙonni kafin ya yi ritaya. Shi kaɗai yake zaune. 'Yarsa ce ta sa masa manhajar kafin ta koma garin da take aiki.

Siriri ya ce kamfani ya fito da sabon tsari, yanzu mai sayarwa yana zuwa da kansa ya gaida mai saye.

Dattijon ya ce, "Madalla da kamfani. Shigo, ɗana. Ka iya gyaran famfo?"

Abin da za ka fara nema da ido shi ne kwalin. Siriri ya gan shi a kan tebur, salatif ɗin sama yana nan yadda ya liƙa shi. Ya yi ajiyar zuciya a ɓoye. Sannan ya yi bayanin da kai ma za ka haddace: wai sabuwar fata tana buƙatar ta huta kwana bakwai a cikin kwali bayan wahalar hanya, in ba haka ba sai ta tsage. Dattijon ya gyaɗa kai a hankali, ya ce duk shekarun da ya yi yana jujjuya kwalaye bai taɓa jin wannan ba, amma ilimi kogi ne. Ya miƙo masa sifana.

Famfon ya ci awa biyu. Siriri bai iya gyaran famfo ba. Ya koya.

4. Ka sa ido a kan wayarsa

Maɓallan nan biyu a waya suke zaune, don haka inda wayar take nan idonka zai kasance. Wannan matakin ya ba Siriri wuya, domin dattijon ba ya ajiye tasa ko da zai shiga wanka. Kuma yana da wata ɗabi'a: duk lokacin da Siriri ya kalli ƙofa ya fara gyara zaman riga, sai ya zaro wayar, ya ɗora tabarau a hanci, ya kai yatsa kusa da gilashi ya tambaya wai shi wannan jan me yake yi ne.

Siriri yakan ce, "Ba komai, Baba. Ado ne."

Sai ya koma ya zauna.

Ka lura, tsofaffi ba su san waya ba. Tausayinsu za ka ji.

5. Kada ka bari ya buƙaci takalmi

Mutumin da ba shi da inda za shi ba ya buɗe kwalin takalmi. Saboda haka duk wata fita da ke gabansa, kai za ka yi ta.

Laraba Siriri ya je biyan kuɗin wuta. Alhamis ya je kantin magani, ya dawo, aka ce ba wannan ba ne, mai farin murfi ne, ya koma. Juma'a ya tsaya a layin ofishin fansho tun safe da takardar dattijon a hannu, tsofaffi suna ta tambayarsa shekara nawa ya yi yana aiki da ya rame haka. Da ya dawo ya tarar tukunyar gas ta ƙare. Ya sauke ta hawa biyu, ya hau da cikakkiya hawa biyu. Yana ajiyewa aka tuna akwai wani akwatin ƙarfe da ya kamata ya koma saman kabad tun bara.

Da yamma ya shiga gida yana dafe ƙugu. Yayar ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ashe dai dakon yake yi, bambancin kawai mijinta yana biya. Siriri ya wuce ya kwanta. Oda uku sun shigo a makon, biyu ya aika a makare, da ƙyar ya sha.

Kada irin wannan magana ta karya maka gwiwa. Mai gudun buhu dole ya ɗauki akwati.

6. Ka saurari labarinsa, amma kada ka ji daɗin shayin

Tsoho in yana magana hannunsa ba ya zuwa aljihu. Ka ba shi kunne. Siriri ya ji labarin wasiƙar da ta yi shekara tara a bayan kanta, aka kai ta ga mai ita ya riga ya auri wata. Ya ji na mutumin da ya aiko da agwagwa a kwali ya rubuta "littattafai" a jiki. Ya ji yadda ake gane wasiƙar neman bashi tun daga yadda aka lanƙwasa ta. Kujeru biyu ne a falon, kofuna biyu, kuma dattijon ya ce shekara huɗu ke nan na biyun bai ga ruwan zafi ba sai wannan makon.

Ga inda haɗarin yake. Ran Asabar ba a kira Siriri ba, ba wani aike, amma ƙarfe takwas ta yi masa a bakin ƙofa da burodi a leda, wanda ya saya da kuɗinsa. Lahadi shi da kansa ya ce a sake ba shi labarin agwagwar. Har ya kai awa guda bai kalli kwalin ba.

Wannan sakaci ne. Kai aiki ka je yi.

7. Ranar ƙarshe, ka ja bakinka ka yi shiru

Litinin ƙarfe biyar wa'adi zai cika. Ƙarfe huɗu da rabi dattijon ya ce tsofaffin abokan aikinsa suna da taro da yamma, kuma ba zai shiga cikinsu da tsohon takalmi ba. Siriri ya ɗauko tsohon takalmin ya goge shi har yana ɗaukar ido. Ya ce ai tsohon takalmi shi ya san ƙafa. Ya ce fatar saura rabin awa ta gama hutawa. Dattijon ya ce rabin awa ba ta kashe fata. Ya ɗora kwalin a cinya, ya ɗauko 'yar wuƙar buɗe ambulan, ya ajiye wayar a hannun kujera, a kunne, kore da ja suna haske.

Abin da tsari ya tanada a nan mai sauƙi ne: ka zubar da shayi, ka yi tari, ka faɗi sumamme in ta kama. Minti goma sha biyu kacal suka rage. Amma Siriri ya kauce wa tsari, kuma an kawo wannan ne don ya zama izina. Ya dubi agogon bango, ya dubi dattijon da ke neman bakin salatif da farce.

Ya ce, "Baba, kada ka wahala. Hagu biyu ne a ciki."

Dattijon bai ɗago ba. Ya juya kwalin ya nuna masa gindinsa, inda aka yanka aka sake liƙewa tsaf, ko layi bai kauce ba.

"Na sani tun ran Litinin ɗin da aka kawo shi. Mu 'yan gidan waya ta ƙasa muke buɗewa. Zuba mana shayi."

Siriri ya zuba. Ya tambayi zancen taron, aka ce sai wata mai zuwa. Suka zauna. Yatsan dattijon yana kan hannun kujera, tazarar ƙwayar shinkafa tsakaninsa da ja, yana kurɓar shayi yana kallon taga kamar mai jiran ruwan sama. Siriri ya ga buhun siminti ƙiri-ƙiri, har da ƙurarsa. Agogo ya buga biyar. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu: an saki kuɗi.

Bai gama sauke numfashi ba ta sake yin ƙara. Sabuwar oda. Sau-ciki baƙi, lamba arba'in da uku, hawa na biyu, ƙofa ta ƙarshe. An riga an biya.

Siriri ya ce ai babu buƙata, dama biyun suna gida, gobe zai kawo su kyauta, a soke odar. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce takalmi biyu ba su yi wa mai fansho yawa ba, kuma shi ba ya son ciniki ta bayan fage. A naɗe, a liƙe, a ba mai babur, yadda doka ta ce.

"Amma Baba, in na aiko dama biyu, ai ba su ne a hoto ba."

"Sharaɗi na goma sha tara a dokar manhaja. Ni na karanta, duka." Ya cire tabarau ya sake shi a ƙirji. "Kwana bakwai gare ni. Silin ɗin kicin yana yoyo, ka zo da tsani."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ciwon baya, kuɗin burodi, gorin yaya, duk naka ne. Ba a yi alkawarin cewa mai sayenka bai iya karatu ba. Shagon Siriri a buɗe yake kamar yadda aka faɗa, sai dai ba ya amsa saƙo kafin ƙarfe goma, yana wurin shayi. Wanda duk ya bi matakan nan ya wayi gari da uba a hawa na biyu, shi ya jiyo. Irin wannan kaya ba a mayarwa.