Mutum-mutumin da ke jiran amsa

Wani ne fa, ɗan wasan kwaikwayo a bakinsa, amma duk tsawon sana'arsa sau ɗaya ya hau dandali, shi ma labule aka ce ya ja. Wata rana wani mai sassaƙa, irin masu gemu da yawan karatu, ya kira shi. Ya ce zai baje kolin aikinsa, gumaka shida na yumɓu, yana neman na bakwai mai numfashi. Sunan aikin wai "Ɗan Adam yana jiran amsa". Za a shafe shi da yumɓu, ya zauna kan kujera awa huɗu ba motsi. Akwai wani babban darakta cikin baƙi. In ya burge shi, kakarsa ta yanke saƙa.

Mutuminka ya tambayi wace amsa ake jira. Mai sassaƙa ya ce ai ba ta zuwa, fasahar ke nan. Mutuminka ya ce to, Allah ya sa mu dace.

Aka yaɓe shi da yumɓu har kunne, aka buɗe zaure. Wani farfesa ya zagaya shi sau uku, ya bayyana wa ɗalibansa cewa wannan shi ne mafi rauni cikin bakwai ɗin: hancin ya yi yawa, kuma babu ɗan Adam mai irin wannan ƙeya. Mutuminka ya haɗiye. Wata hajiya ta rataya jakarta a wuyansa don ta ɗauki hoto. Ya haɗiye. Ƙuda ya sauka a leɓensa, ya ga wuri lafiya, ya kira 'yan'uwa. Wani dattijo ya tsaya ya yi a'uziyya, ya ce ko gunki ne a tausaya masa, wannan fuska ta wanda ya yanke ƙauna ce.

Ana haka sai ga matarsa, ta biyo sawu don ya fito da makullin gida a aljihu. Ta gane shi daga silifas. Ta yi magana, shiru. Ta ce, "Baban yara, makulli." Ko ƙiftawa bai yi ba, don ya hango darakta na tahowa.

Darakta ya tsaya, ya cire tabarau, ya mayar. Da aka raɗa masa cewa wannan mai rai ne, sai ya dafe ƙirji. Ya ce shekara talatin yana neman ɗan wasan da za a yi wa magana ya zama kamar bango, a kira shi ya ƙi jin komai, duniya na tafiya shi yana zaune. Ya juya ga mai sassaƙa: "Malam, a wace makaranta ya samu wannan horo?"

Matar ta gyara mayafi ta ce, "A falona, ranka ya daɗe. Shekara tara yana gwaji, yumɓun ne kawai sabo."