Dodon Marina a Soron Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da baffan Falmata ya aiko a kira ni ba, kuma wallahi na yi ƙoƙarin mantawar. Mahaifinta ya rasu, shi ne waliyyinta. In ya ce e, aure ya tabbata, in ya ce a'a, sai dai in rungumi ƙaddara. Ban taɓa ganinsa ba. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Baffa ba ya son ɓoye-ɓoye. Ka je masa da sana'arka a hannu."

Sana'ata kuwa zane ce. Ina yin littattafan nan na labari cikin hotuna da yara ke kira komik. Wanda ya fi karɓuwa labarin wasu samari uku ne masu faɗa da wani ƙaton dodo da ya fito daga ramin rini a Ƙofar Mata, tsawonsa ya haura badala. Lokacin da na rasa fuskar da zan ba dodon, sai na je marinar na raɓe. Can na hango wani dattijo yana zazzaga wa wani masifa, hula zanna a karkace, gira a haɗe, haƙorin Makka yana walƙiya, hannuwa shuɗi har gwiwa. Na kwashe shi tsaf, ƙaho kawai na ƙara masa. (Har yaba wa kaina na yi a hanya.)

Bayan la'asar na isa gidansa a unguwar Zaitawa da littafin. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa a soro, kaina a ƙasa yadda ake yi gaban suruki. Tabarma kawai nake kallo.

"An ce kai mai zane ne," in ji shi. "Na gini ko na hula?"

"Na littafi ne, Baba."

"Mu gani."

Na miƙa da hannu biyu. Hannun da ya karɓa shuɗi ne har gwiwa.

Na lallashi kaina cewa marina ai suna da yawa a Kano. Na ɗan saci kallo. Zanna a karkace, gira a haɗe.

Yana lasar yatsa yana buɗewa a hankali, ni kuwa na san abin da ke kowane shafi. Nan dodon ya rushe ƙofar gari. Nan ya haɗiye a-daidaita-sahu. Gumi ya jiƙa sabuwar shaddata, na fara yi wa Falmata ban kwana a zuci.

"Ashe kai ne," ya ce. "Kwanan nan in na wuce sai yara su watse suna ihu, ga shi nan ya fito daga rami! Na ɗauka tarbiyya ce ta lalace."

"Tuba nake, Baba."

"Haƙorin nan a dama ka sa shi. Nawa a hagu yake."

"Za a gyara, Baba."

Ya kai shafin ƙarshe ya tsaya. Sannan ya ɗora shuɗin yatsansa a kan samarin.

"Waɗannan 'yan tsakin ne suka kayar da ni?"

Allah ne kaɗai ya san inda na samo amsa. "Akwai kashi na biyu, Baba."

"A na biyun wa ya yi nasara?"

"Ku ne, Baba."

"To, ka turo magabatanka."

An ɗaura aure. A kashi na biyu dodo ya yi wa samarin dukan kawo wuƙa, yara suka yi fushi suka daina saye, Baffa kuwa yana ajiye da nasa a marina yana nuna wa baƙi. Na dai koyi cewa a cikin badala babu fuskar da ba ta da dangi. Yanzu in ina neman dodo, madubi nake ɗauka.