Ranar da Na Ci Sarautar Hure

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so (kuma Allah Ya sani na so), da ranar da na tsaya gaban dattawan unguwarmu baki cike, ba halin haɗiyewa, ba halin tofarwa.

Abin ya faru ne 'yan shekaru bayan Nasara sun ci Sakkwato. Ni daga ƙasar Kabi na zo birnin. Na yi shekara tara a unguwar, na yi aure a cikinta, na bi jana'izarsu, na yi yaɓen masallacinsu, amma sunana bai wuce "Bakaben nan" ba. In ana shawara a ƙofar gidan mai unguwa, sai an tashi ake gaya mini abin da "muka" yanke. Abin yana ci mini rai ƙwarai. So nake wata rana wani ya nuna ni ya ce wannan namu ne.

Unguwarmu tana da lambu a fadama, bakin gulbi. Kowane magidanci da fangalinsa na albasa, amma aikin na gayya ne: tare ake shinge, tare ake jan ruwa da jigo. Mai raba ruwa da raba gardama shi ne Sarkin Lambu. A shekarar nan Allah Ya yi masa rasuwa, mai unguwa ya ce sai an cire albasa zai naɗa wani. Kowa ya san Ummaru za a ba, don tun kakansa suke jan jigo a wurin. Ni kaɗai ne ban yarda da haka ba.

Sana'ata a lokacin yankar wa dokin wani Bature ciyawa a bariki. Wannan Bature, in ya ɗaga murya hakimai rawar jiki suke yi. Amma kullum da safe sai in gan shi durƙushe a bayan gidansa, yana ba wata shuka ruwa da hannunsa, har rumfar zana ya sa aka yi mata. Na ce a raina, abin da ya durƙusar da wannan mutum ba ƙaramin abinci ba ne. Na sami kukunsa, Audu, na tambaye shi.

"Wannan? Ai ya fi son shi da komai," in ji Audu. "Kullum in zai ci abinci sai an ɗora masa shi a tebur."

Ban ƙara tambaya ba (a nan ne fa na kashe kaina). Na ba shi goro, ya ɗebo mini irin a tsumma.

Daga nan na shiga zawarcin dattawa. Gida gida na bi, ina cewa zamani ya juya, albasa kowa na da ita, amma abincin Turawa mu ne za mu fara nomansa a duk ƙasar Sakkwato. Bariki za ta dawo tana roƙonmu. Na ce kukun Baturen ne da bakinsa ya gaya mini kullum sai an kai masa shi tebur. Ummaru ya dube ni ya ce, "Kai ka taɓa cin abin ga?" Na ce sau nawa. Har na ƙara da cewa ya fi alayyafo daɗi a miya. Ƙarya dai fure take ba ta 'ya'ya, amma ban san tawa za ta bi karin maganar har haka ba.

Mutum shida suka yarda da ni. Babbansu Baba Isa, tsoho mai rauni a ƙafa, wanda albasar nan ce cinsa da shansa. Shi ne ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce, "Ɗana, na ba ka hwangalina duka. Ka yi muna abin da za a hwaɗi." Tun da na zo garin ba wanda ya taɓa ce mini ɗana. Na koma gida ina share hawaye da hannun riga.

Gaskiya ranin nan shi ne mafi daɗi a rayuwata. Ni ne farkon zuwa fadama, ni ne ƙarshen tashi. Na ja jigo har tafin hannuna ya fashe. Aka fara kirana shawara, ana matsa mini wuri a tabarma. Shukar kuwa ta yi kyau, ta yi kore shar, sai ta fara fure: ja, rawaya, wani kamar an rina shi. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suna tsayawa kallo. Baba Isa ya ce, "To ina ɗiyan?" Na ce a yi haƙuri, ai kabewa ma da fure take farawa. Mako uku muna jira. Furen ya bushe, wani ya fito. Na tona ƙasa a ɓoye ko abin irin na rogo ne, ban sami komai ba sai saiwa kamar zare.

Ranar cire albasa duk unguwa ta sauko fadama, har mai unguwa. Ɓangaren Ummaru an tara albasa tsibi tsibi. Namu ɓangaren kuwa sai ka ce ɗakin amarya.

"To, Bakabe," in ji mai unguwa, "mi aka ci cikin abin ga? Ganyen ko saiwar?"

"Ranka shi daɗe, huren ne abincin," na ce. "Haka Turawa ka cin shi, ɗanye."

Ummaru ya tsinko uku manya ya miƙo mini da hannu biyu, da ladabinsa. "Bisimilla. Gwada muna."

Da na ce ban sani ba a lokacin, da wataƙila an yi dariya an wuce. Amma ina! Na cusa su a baki gaba ɗaya. Jama'a, na sha maɗaci, na sha sabara, ban taɓa jin ɗaci irin wannan ba. Idona ya kawo ruwa, ina tauna ina gyaɗa kai wai daɗi nake ji.

Ana cikin haka sai ga Audu kuku da kwando, an aiko shi sayen albasa. Ya dubi fangalinmu, ya dube ni da jan fure a leɓe, ya ajiye kwandon.

"Subhanallahi! Malam, ci kake yi?"

Mai unguwa ya dubi Audu ya ce, "Ba kai kac ce ana kai ma Bature shi bisa tebur ba?"

"Ana kaiwa mana, ranka ya daɗe. A kwalba ake sa shi da ruwa. Kallonsa yake yi."

"Kallo? In ya gama kallon hwa?"

"Sai a zubar, a tsinko wani."

Wallahi har yau ina ganin laifin Baturen nan. Wane irin mutum ne zai durƙusa ya ba abu ruwa wata uku don ya kalle shi kawai? Amma ba shi aka yi wa dariya ba. Wani har da faɗuwa cikin magudanar ruwa. Ummaru ya cire hularsa ya rusuna mini ya ce, "Allah shi ja zamanin Sarkin Hure!"

Dariyar ba ta dame ni ba kamar Baba Isa, don shi bai yi ba. Ya tsaya yana duban fangalinsa, sannan ya ce da ni a hankali, "Tohe shi, kak ka yi ciwo." Ya ɗauki sandarsa ya hau tudu. Daminar nan a gonar mutane ya yi ƙodago da ƙafarsa mai ciwo. Na riƙa kai masa gero yana karɓa yana godiya irin wadda ake yi wa baƙo, har ya rasu bai sake kirana da komai ba.

Ummaru ya sami sarautarsa, ni ma na sami tawa, kuma tawa ta fi tasa daɗewa. Shekara arba'in ke nan ba wanda ya san sunana na yanka. Kwanan baya na ji jikata tana faɗa da wata yarinya a bakin rijiya, tana bugun ƙirji tana cewa ita jinin sarauta ce, kakanta ne Sarkin Hure. Na buɗe baki zan gyara mata, sai na rufe.

Abin da na koya dai kaɗan ne, kuma na saye shi da tsada: in ka ga babban mutum ya durƙusa wa abu, kafin ka tara jama'a, tambayi kukunsa sau biyu.