Wankan Keken Dokta Gwadabe

Wudil tana da kogi, tana da gada, tana da kasuwar Juma'a da fatake ke zuwa daga nesa. Amma a shekarun da kuɗin fetur ya fara malala, duk waɗannan ƙananan abubuwa ne idan aka jera su da Malam Gwadabe, mataimakin dubagari.

Mutum ne mai zurfin ilmi. An taɓa tura shi Kano wani ɗan gajeren kwas na tsafta, ya dawo da kaki mai guga da satifiket a cikin gilashi. Mahautan kasuwa suka laƙaba masa Dokta. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, bai taɓa tambayar abin da ke sa su murmushi in sun faɗa ba.

"Jama'a," haka yake cewa in ya tsaya a gaban teburin mai nama, "abin da ido ba ya gani shi ke kashe ku. Ni kuwa gwamnati ta koya mini ganinsa."

Da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, wasu suka sayi rediyo, wasu suka rufa kwano. Dokta ya sayo baƙin keke dal, mai madubi biyu da ƙararrawa. Ba ya kiransa keke, sai dai abin hawan hukuma. Ko hanya ba kowa sai ya kaɗa ƙararrawa, don kaji ma su san wanda ke tafe.

Sai dai babban mutum ba ya rasa babbar damuwa. Wannan keke yana shiga kasuwar shanu, yana ratsa mahauta, yana taka kashin shanu, sannan ya kwana a gidan jami'in tsafta. Dokta ya yi lissafin ƙwayoyin cutar da ke bin sa gida kullum, tsigar jikinsa ta tashi. Ya tsaya kanti ya kwaso omo da hodar goge tukwane da soson ƙarfe.

Matarsa Barakatu tana tankaɗe a tsakar gida ta ga yana dirzar keken kamar mai kankare ƙanzo.

"Malam, ruwan sabulu da tsumma ai sun isa. Keke ba tukunya ba ne."

"Barakatu," in ji shi, bai ko ɗago ba, "tuwo naki ne, kimiyya tawa ce. Kowa ya tsaya a fagensa."

Fenti ya yi zane-zane. Da ya iso kan sarƙar keken ya ga baƙin mai, sai da ya yi salati. Irin wannan dauɗa a sabon abu! Ya wanke ta tas, ya bar ta da ruwa a jiki. Ba a jima ba ta yi ja da tsatsa, ta fara kuka ƙiii-ƙiii, ana jin ta tun daga bakin masallaci. Mahauta suka ji daɗin wannan ci gaba ƙwarai, domin yanzu kafin Dokta ya iso sun kore ƙuda sun rufe nama. Shi kuwa ya bayyana wa jama'a cewa haka ƙarfe mai tsabta yake ƙara.

Amma hankalinsa bai kwanta ba. Wata Asabar ya shigar da keken ɗaki, ya rufe ƙofa da taga don kada maƙwabta su saci fasaha, ya juye bilic mai sa tufafi fari a bokiti, ya bi shi da ruwan wanke masai. Wani wari ya taso ya shaƙe masa wuya. Ido ya kawo ruwa, ƙirji ya ɗauki zafi, tari ya sarƙe shi har ya kasa gano inda ƙofa take. Barakatu ce ta ji faɗuwarsa, ta banke ƙofar, ta jawo shi ta wuyan riga har tsakar gida, tana yi masa fifita da faifai tana kuka.

"Malam, so kake ka bar ni da marayu a kan keke? Wa ya ce maka ana haɗa waɗannan?"

Dokta ya daɗe yana neman numfashi. Da ya samu, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Idan ni mai satifiket na ji haka a jikina," ya ce da dusasshiyar murya, "to ina ga ƙwayoyin cuta?"

Keken ya fito daga wannan jinya da roɗi-roɗi, kamar akuyar da aka yi wa feshin toka.

Ana cikin haka labari ya zo cewa Alhaji Isyaku, babban jami'in tsafta daga Kano, zai zo duba kasuwa ranar Juma'a, kuma cikin mataimaka za a ɗaga ɗaya ya zama cikakken dubagari, har da babur. Dokta bai ga wani ɗan takara ba sai kansa. Abin da ya rage kawai shi ne abin hawan hukuma ya yi ƙyalli. Ya samo gwangwanin man goge daɓe, ya mulke sirdi, ya mulke kan keke, ya bi ƙarfen tayoyin biyu har yana ganin gashin bakinsa a ciki. Robobin birki ma ya shafa musu, don shi mutum ne mai adalci, ba ya nuna bambanci.

Ranar Juma'a da hantsi kasuwa ta cika. Alhaji Isyaku ya sauko daga mota a ƙasan gangare, manyan gari sun kewaye shi. Dokta ya hango su daga sama. Ya riga ya tsara komai: zai sauko da gudu, ya ja birki daidai gaban baƙo, ya dira, ya sara.

Ya sauko da gudun. Ya matsa birki. Birki ya shafi taya a hankali, cikin ladabi, ya bar ta ta wuce. Ya sake matsawa da hannu biyu, sai ga shi yana zamewa a kan sirdi, gaba da baya. Sarƙa tana kuka, ƙararrawa tana kuka, mutane suna watsewa. Duk da haka Dokta bai manta da horo ba. Da ya zo daidai Alhaji Isyaku ya saki hannu ɗaya ya sara.

"Ranka ya daɗeee!"

Ƙarshen gaisuwar a nesa aka ji shi. Ya ratsa tsakanin bijimai biyu, ya kifar da tiren mai goro, ya bi ta bayan rumfunan mahauta. Can akwai wani ƙaton kwatami, baƙi ƙirin, inda jini da ruwan tumbi suke taruwa. A nan abin hawan hukuma ya tsaya, bayan ya miƙa mai shi a tsakiya.

Jama'a suka rugo. Alhaji Isyaku ya biyo su a hankali, ya toshe hanci da hankici. Bai ko lura da kan da ke leƙowa daga ciki ba, kwatamin yake kallo.

"Subhanallahi! Wannan ƙazanta ai ta yi wata da watanni. Kusa da naman da mutane ke ci! Wane ne jami'in da ke kula da wannan yanki?"

Sai Maikano, wani dattijon mahauci, ya gyara hula, ya rusuna, ya nuna tsakiyar kwatamin da hannu biyu.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe. Yana kan dubawa."