Rasuwar Mwavuli, Jirgin Yaƙin Ƙasar da Ba a Taɓa Yi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa biyu da suka rasa abin yi, Mzee Kombo Mwinyihaji na unguwar Majengo a Mombasa yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar jirginsa na yaƙi, Mwavuli, wanda ya kife a mashigin ruwan Tudor da hantsin Asabar da ta wuce, a gaban mutum kusan talatin da ba wanda ya iya yi masa komai. Ya rasu yana da shekara goma sha ɗaya a kan tebur da minti huɗu a kan ruwa.

Marigayin ɗan asali ne. Mahaifinsa, Mzee Kombo, ya yi shekara talatin da huɗu yana zane a wani wurin gyaran jiragen ruwa a Kilindini, kuma a duk tsawon shekarun nan faci yake zanawa. Jirgin da wani ya zana a wata uwa duniya zai shigo da ɓula a ciki, a ce Kombo auna, Kombo zana farantin ƙarfen da zai toshe. Bai taɓa zana jirgi tun daga hanci har gindi ba, abin kuwa yana cinsa a rai duk da bai cika faɗa ba. Da ya yi ritaya sai ya koma zaman dakalin mai gahawa tare da abokansa biyu, Onyango tsohon mai awon kaya a tashar jirgin ƙasa, da De Souza mai gyaran rediyo. A kan dakalin nan ne, wata ranar da hira ta ƙare, suka ƙirƙiri ƙasa. Suka ce a ɗauka a shekarar 1938 bakin tekun nan, daga Lamu har Unguja, ƙasa ɗaya ce mai cin gashin kanta, sunanta Tarayyar Gaɓa, kuma tana tsoron jiragen sama su zo su yi wa tasharta ruwan bama-bamai. Wane irin jirgi za ta gina ya kare sauran? Nan take aka naɗa Kombo babban mai zane na rundunar ruwa, De Souza ministan sadarwa, Onyango kuma sufeton yarjejeniya.

Yarjejeniyar tana nan har yau a bayan wata tsohuwar kalanda, da sa hannun mutum uku da tabon gahawa. Ta ce kada jirgin kakkaɓo jiragen sama ya wuce tan dubu shida. Tunda Mwavuli an gina shi ne ƙarami, tsawonsa kashi ɗaya cikin ɗari na babban da ke takarda, lissafi ya nuna kada ya wuce kilo shida a kan sikeli. Ana roƙon mai karatu ya riƙe wannan kilo shidan, domin su ne ajalinsa.

Duk wanda ya san marigayin zai yi masa shaidar kirki. Dogo ne siriri, da ƙyar yake shiga tsakanin tagar falo da kabad. Bai taɓa harbin kowa ba. Bai taɓa ƙorafi ba a sau bakwai da aka farke masa bene aka sake, ko a shekarar da aka ɗauke masa bututun hayaƙi ɗaya aka mayar bayan damina. An raɗa masa Mwavuli, wato laima, don ya yi wa rundunar inuwa, kuma bakunan igwoginsa goma sha biyu an yanko su ne daga ƙarafan laimar uwargida Bi Mwanahawa, wadda ta gano haka ranar da ruwa ya tare ta a hanyar kasuwa. Ɗakunan igwa shida gare shi, uku gaba uku baya, suna hawa kan juna kamar matakala, kowanne an ƙera shi da tagullar tsohuwar butar gahawa. Idan De Souza ya jona masa batir a kan tebur, farfelarsa takan ce zirrr, ɗakunan igwa su juya ƙyat, ƙyat, ƙyat, su ɗaga baki suna duban silin. Maganarsa ke nan duka, bai taɓa ƙara wata ba.

Ya rasu ya bar mahaifinsa, da Bi Mwanahawa wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana cin abinci a tabarma saboda shi ne a kan teburin, da takardun zane ɗari biyu da sittin da uku a naɗe a saman kabad. Ya bar ƙanne biyu da ba su wuce fensir ba. Ya bar Tarayyar Gaɓa ba mai kare sararin samaniyarta. Ya kuma bar dalma giram ɗari huɗu a cikin kwanon shayi, wadda za a zo kanta.

Ciwon ajalinsa daɗaɗɗe ne, nauyin sama. Tun yana takarda Onyango yake cewa ɗaki biyar ya isa, na shida zai sa shi rangaji. Kombo kuma ya ce jirgin da aka gina don ya cika sama da wuta ba a yi masa rowar igwa. Sun yi wannan gardama sau ba adadi, har mai gahawa ya haddace jawabin kowa, wani lokacin ya riga su faɗa. Kombo ya san haɗarin sarai, sana'arsa ce. Shi ya sa ya narka dalma ya shimfiɗa a can ƙasan cikin jirgin, don ta riƙa jawo shi ya miƙe duk sanda ya karkata. Da an bar shi haka, da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba.

Amma akwai wani ciwon a gidan, na mahaifin. Shekara biyu ke nan da likita ya gaya wa Kombo hawan jinin ido ya ci masa jijiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Gani ya riƙa tsukewa daga gefe, kamar ana rufe masa ƙofa a hankali. Layin fensir ya ɓace masa, ya koma alƙalami mai kauri, shi ma ya ɓace. Aikin watannin ƙarshe da yatsu ya yi shi. Ba ya son komai a duniya illa ya ga abin da ya zana da kansa yana tsaye a kan ruwa sau ɗaya kafin ƙofar ta ƙarasa rufewa, kuma kowa a gidan ya sani, shi ya sa Bi Mwanahawa ta daina maganar tebur.

Ranar Alhamis aka kai marigayin awo wurin Mama Kadzo mai kifi, wadda sikelinta ne kaɗai dakalin ya amince da shi. Ta kwashe kifi, ta goge faranti, aka ɗora shi. Kilo shida da giram ɗari huɗu. De Souza ya sauke batir ya mayar, aka hure ƙura, aka sake ɗorawa, allura ba ta motsa ba. Giram ɗari huɗu kuwa shi ne daidai nauyin ɗakin igwa na shida da injin da ke juya shi.

Onyango, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana jiran wannan rana don ya yi dariya, bai yi ba. Ya dubi idon abokinsa, ya cire tabarau ya sa a aljihu.

"Kombo, ni ban ga komai ba. Tsufa ya kama ni. Shida na gani cif."

"Mayar da tabaranka, Sufeto."

"Haba tsoho, mu uku muka rubuta abin nan a bayan kalanda. Mu uku za mu iya gogewa. Wa zai kai ƙararmu?"

"In yarjejeniyar wasa ce, ƙasar ma wasa ce," in ji Kombo. "In ƙasar wasa ce, me na yi shekara goma sha ɗaya ina yi a teburin matata?"

Mama Kadzo ta ce ita dai a sauke mata abin nan masu sayen kifi na jira. Aka ba shi shawarar ya cire ɗakin na shida, ya ce ko da ya yarda da ɗaki biyar, yatsunsa ba za su iya sake benen ba kuma, kuma ba zai kai jirginsa ruwa da rami a ka ba. Aka ce a ɗaga ranar saka shi a ruwa daga Asabar zuwa wani wata, ya ce idonsa ba zai jira ba. Washegari bayan sallar Juma'a ya zauna da ƙaramin kurfi ya ɓamɓare dalma daga cikin jirgin, yana zubawa a kwanon shayi, Mama Kadzo tana aunawa, har allura ta tsaya a kan shida. Ya sake lissafin a ka, ya ce zai tsaya muddin ba a juya shi da ƙarfi ba. Bi Mwanahawa ta ce, "Maigida, ka cire wa yaro ƙafa don hularsa ta zauna." Ya ce ta kawo masa ruwa ya sha.

Asabar da hantsi ruwa ya cika, ba iska. Kombo ya naɗe wando ya shiga har gwiwa, ya kwantar da shi da hannunsa, ya ji ya tsaya. Ya ji ne, domin hasken rana a kan ruwa ya shafe masa ɗan ganin da ya rage. De Souza ya danƙa masa rimot, farfela ta ce zirrr, jirgin ya zame daga yatsunsa. Taku biyar, ba ya ganin komai sai fari.

Waɗanda suka gani sun ce bai taɓa yin kyau irin na ranar ba. Ya tafi a miƙe, hancinsa yana tsaga ruwa gida biyu, tagulla tana walƙiya, igwogi goma sha biyu suna duban sama inda wata shirwa take shawagi. Masunta suka tsayar da gyaran koma. Kombo yana tsaye cikin ruwa yana ta tambaya ina ya kai, ina ya kai, Onyango yana gaya masa. Can sai ga kwalekwale ɗaure a gabansa, Onyango ya ce hagu, Kombo, hagu kaɗan. Wanda ba ya gani bai san kaɗan ba. Ya danna har ƙarshe.

Marigayin ya juya hagu da ƙarfi, nauyin samansa ya karkatar da shi dama, ya tsaya a karkace kamar mai tunani. Mutum talatin suka karkata tare da shi. Dalmar da za ta miƙar da shi tana Majengo a cikin kwanon shayi. Ya ci gaba da kwanciya a hankali, ya nuna jan cikinsa, farfela ta ce zirrr a iska sau ɗaya, sannan ɓul, ɓul, ɓul, shi ke nan.

Ba wanda ya yi ƙarfin halin faɗa. Kombo ne ya miƙa wa De Souza rimot ɗin da kansa, ya ce ya ji. Ya juya wajen da yake zaton matarsa take, alhali tana ɗaya gefen, ya ce, "Mwanahawa, kafin nan fa? Ya tsaya daidai?" Ta ce ya tsaya. Ya ce ta faɗi yadda ya tsaya. Ta buɗe baki, kuka ya riga maganar.

An tsamo gawar da ruwa ya janye, cikin taɓo. Katakon ya kumbura, gam ya saki, benen ya kwaye, ba likitan da zai iya da shi sai mutum ɗaya, shi kuwa ba ido. Ɗakin igwa na shida ya ɓalle ya tafi, ba a gan shi ba. Bayan kwana uku yana shanya, Mama Kadzo ta ɗora shi a sikeli ba wanda ya sa ta. Kilo biyar da giram ɗari shida. Onyango ya ji labari ya kwana biyu bai fito dakali ba. An nuna wa Kombo hoton bidiyon da wani ya ɗauka a waya, ya kanga ta har tana taɓa hancinsa, ya mayar ya ce na gode.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a daidai inda abin ya faru. Ba za a yi masa salla ba tunda katako ne. Za a mayar masa da dalmarsa giram ɗari huɗu, ya cika kilo shida cif bisa doka, Sufeto Onyango ya sa hannu, sannan masunta su kai shi tsakiyar mashigi su sake shi ya sauka a tsaye. Za a zauna karɓar gaisuwa kwana uku a gidan Mzee Kombo, a kan tebur, akwai gahawa da alewa. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ce ai da an cire na shidan, an riga an sani.

Roƙo na ƙarshe ga mutum talatin ɗin nan da suke bakin ruwa. Don Allah kowa ya zo shi kaɗai, ya zauna kusa da tsohon ta gefen dama, ya ba shi labarin minti huɗun nan tun daga farko, a hankali: inda ruwa ya tsaya a jikinsa, yadda hancinsa ya ɗaga, ko tutarsa ta buɗe. Kada a ƙara gishiri, ya san kowane ƙusa, zai gane. Idan aka zo wurin kwalekwale, a tsaya.

Allah ya ba mu haƙuri. Mzee Kombo ne ya faɗa, aka rubuta masa.