Ranar Da Na Turara Fiffiken Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na leƙa zaurenmu na Ƙofar Taramniya na ga Yaya Nasiru durƙushe yana yanka katako da reza ba. Rana ta ratso ƙofa ta sauka a gefen fuskarsa, ni kuwa nan take na yanke hukuncin cewa labarina ya fara. (Shekarata sha bakwai, kuma akwatina ya fi cika da littattafan soyayya fiye da atamfa.)

Ɗan kawuna ne daga Dundaye, yana zaune gidanmu yana karatu a wata makarantar koyon sana'a. Aikinsa na ƙarshe, wanda ba zai sami takardar kammalawa ba sai da shi, ɗan ƙaramin jirgin sama ne da dole ya tashi a gaban malamai. Katakon sunansa balsa, ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar totuwar kara. Malaminsu ne ya zo da shi daga kudu, aka ba kowa 'yan falle, in ka ɓata naka shi ke nan.

Wata guda yana kan fiffiken jirgin nan. Ya yanka ƙananan haƙarƙari guda-guda, ya jera su, ya manna da gam, ya lulluɓe da siririyar takarda. Ni kuma ina kai masa kunun zaƙi sau uku a wuni, ina tambayoyin da ban damu da amsarsu ba. Ya yi mini bayani cewa in ɓangare ɗaya ya karkace ko da kaurin farce ne, jirgi ba zai tafi miƙe ba. Na gyaɗa kai. Girarsa nake kallo.

Ana jibi gwaji zai je Dundaye gaida kawu, sai ya miƙo mini fiffiken ya ce in adana masa a ɗakina saboda awaki na shiga zaure. A littattafaina, namiji ba ya ba mace ajiya haka kawai. Kuma a littattafaina, jaruma ba ta mayar da kayan jarumi ba tare da ƙamshinta a jiki ba.

Da hantsi na zuba garwashi a kasko, na ɗebo turaren wutan Inna na biki, wanda take ɓoyewa a ƙasan kwalla, na kifa kabbasa, kwandon nan na turara kaya, na ɗora fiffiken a kai kamar mayafin amarya. Har lulluɓe shi na yi da zane don ƙamshin ya kama sosai. Da na buɗe, na ga gefen hagu ya ɗan murɗe. Na danna da yatsa, na ce wa kaina ai soyayya ma ba ta tafiya miƙe.

Ranar gwaji muka tafi filin makarantar har da Inna, ni cikin leshina mafi kyau. Yaya Nasiru ya ɗaura fiffiken yana ta shaƙar iska yana waige-waige. Ya murɗa robar farfela, ya yi bisimilla, ya saki. Jirgin ya tashi kamar abin arziki, sai ya kwanta hagu, ya yi kwana, ya dawo ya tuge hular babban malamin da ke ba da maki.

Dattijon ya ɗauki jirgin, ya juya shi, ya kai hanci.

"Nasiru, wanga jirgi biki za shi?"

Fili ya ɗauki dariya. Inna ta matsa, ta shinshina sau ɗaya tak, sannan ta juyo a hankali ta dube ni.

"Ashe nan turarena ya kwana. Mi ya kai ki, 'yar nan?"

Duk wata jaruma da na sani suma take yi a irin wannan wuri. Na gwada, suman ya ƙi zuwa.

Dattijon, Allah ya saka masa, ya duba aikin ya ce hannu ne mai kyau, ya ba shi mako biyu ya sake. Balsa babu, don haka Yaya ya kwaso karan dawa daga gonar kawu, aka zaunar da ni a zaure ina ɓare shi har yatsuna suka tsattsage. Bai yi mini faɗa ba. Abin da ya fi faɗa ciwo shi ne yadda ya shafa kaina kamar 'yar yaye. Jirgin kara ya tashi miƙe, ya sami takardarsa.

Yau shi ne malami a makarantar. Ya auri Hadiza, wadda ko ƙamshin turare ta ji sai atishawa. An ce darasinsa na farko duk shekara shi ne a nisanta balsa da zafi, da danshi, da ƙanne masu karance-karance.

Ni kuwa har yanzu ina turara duk abin da nake so. Sai dai yanzu nakan fara tambaya ko abin zai tashi sama.